Ƙibar bayan Sallah: ta ina take shigowa, kuma yaya ake tare ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 41, da 'ya'ya huɗu. Duk shekara nakan ɗan rame da azumi, amma kafin a gama hidimar Babbar Sallah sai in ga kayan da na ɗinka sun matse ni, kuma nauyin ba ya komawa. Yanzu likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage jiki. Gidanmu gidan yawa ne, ba yadda za a yi in ce ba na cin abincin Sallah. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya kawo sauƙin wannan hawan jinin.

Ba zan ce ki ƙi tuwon Sallah ba, ba kuma zan ce ki zauna kina kallo ana cin naman layya ba. Duk wanda ya ba ki irin wannan shawara bai san gidan yawa ba, kuma ko kin karɓa ba za ta kai ki azahar ɗin ranar idi ba. Ranar Sallah ita kaɗai ba ta sa ƙiba. Abin da ke sa ta shi ne makonnin da ke biyo baya, lokacin da Sallah ta wuce amma cin Sallah bai wuce ba.

Ga lissafin. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Mace mai matsakaicin jiki da matsakaicin aiki tana buƙatar wajen 2,000 a yini. A ce ranar idi kin ci kin ƙara har kin zarce buƙatarki da 1,500, wanda ba ƙaramin ci ba ne. Abin da zai zama kitse daga ciki bai wuce giram 200 ba. To amma a ce kullum kina zarcewa da 500 kacal har kwana 15. Kin tara 7,500 ke nan, kusan kilo guda cur. Kuma 500 ɗin nan ba ya cika ido: robar lemo ɗaya babba, da cincin cikin tafin hannu, da tsoka biyu ko uku na soyayyen nama da aka ɗauka ana wucewa ta kicin. Babu wanda zai kira wannan cin abinci, shi ya sa ba a lissafa shi.

Masu bincike sun daɗe da gano haka a wajen Turawa, inda lokacin bukukuwansu ke faɗowa a ƙarshen shekara. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan manya 195, aka riƙa auna su kafin bukukuwa da bayansu. Mutane na zaton suna ƙara kilo biyu ko fiye, amma matsakaicin abin da aka samu bai kai rabin kilo ba. Sai dai abin da ya fi muhimmanci shi ne, da aka sake auna su bayan shekara ta zagayo, wannan ɗan ƙarin bai tafi ba. Rabin kilo a shekara, in kika bar shi shekara goma, ya zama kilo biyar. Haka mutum ke wayar gari da tumbi yana cewa bai san lokacin da ya fito ba.

Namu lokacin ya fi nasu tsawo. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba wata biyu ne da kwana goma, kuma a wannan tsakanin ne ake ɗaura auren da aka ɗage saboda azumi, a yi ta biki da walima, sannan bayan layya ga tarbar alhazai. In aka haɗa da watan azumin kansa, kusan wata huɗu ke nan tsarin cin abincin gida yana hargitse.

Ramar da kike gani da azumi gaskiya ce, kuma ba ke kaɗai ba ce. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike 35 daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa masu azumin Ramadan kan rage kilo ɗaya da ɗoriya a matsakaici, amma mafi yawansa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Wani ɓangare na wannan dawowar ba kitse ba ne, kuma yana da kyau ki san haka don kada sikeli ya firgita ki. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe ruwa kimanin giram uku. Da azumi wannan ajiya kan ragu, da an koma ci da rana sai ta cika, ta jawo ruwanta. Ga gishiri da magin miyar Sallah, su ma suna riƙe ruwa. Don haka in kin hau sikeli kwana biyu bayan idi kika ga ƙarin kilo ɗaya da rabi, yawancinsa ruwa ne da abincin da ke cikin hanji. Wanda zai dame ki shi ne wanda ya rage bayan mako biyu.

Inda kitsen gaske ke shigowa kuwa shi ne nan. Wata guda cur kin saba da cin abinci mai nauyi da dare: kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali ko doya da ƙwai, zoɓo, sannan bayan asham a zo a ci tuwo ko shinkafa. Da azumi jiki na iya ɗauka, tunda babu karin kumallo babu abincin rana. Da Sallah ta zo sai karin kumallo ya dawo, abincin rana ya dawo, amma na daren bai koma yadda yake kafin azumi ba. Baki ya saba da zaƙi da maiƙo da magariba, ciki ya saba da cika kafin barci. Wannan shi ne abu na farko da za ki gyara, tun daga kwana na uku ko na huɗu na Shawwal: abincin dare ya koma ƙarami, a ci shi da wuri, kunu da soye-soyen shan ruwa su tafi tare da watansu. Masu azumin Sitta Shawwal su ma su kula, kada kwana shidan su zama dalilin ci gaba da shimfiɗa irin ta Ramadan kowace magariba. Dabino uku da ruwa da abincin da gida ya dafa sun isa.

Sai abin sha, wanda a ganina ya fi nama ɓarna, domin shi ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana da sukari wajen giram 35 zuwa 37, wato ƙaramin cokali kusan tara. Robar santilita 50 ta haura giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, wanda ga mai cin kalori 2,000 ya kama giram 50, kuma in an iya tsayawa a giram 25 ya fi. Kin ga ke nan roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya. A yawon Sallah kuwa mutum na iya shan uku kafin la'asar, ɗaya a kowane gida, bai ji ya ci komai ba. Lemon malt da ake ɗauka kamar na masu kula da lafiya ne, shi ma sukari ne cike, ki juya kwalbar ki karanta. Haka lemon kwali da aka zana 'ya'yan itace a jikinsa. Zoɓo da kunun aya da lamurje na gida sun fi, amma sai in ke kika riƙe ludayin sukarin. Dabarar da ke aiki a gidan yawa ita ce ki ɗebi naki a jug daban kafin a zuba sukari, ki ƙara masa citta da kanumfari ko ɓawon abarba. Kwana uku na farko za ki ji shi salam, daga baya harshe ya saba. Zuma ba mafita ba ce, a wajen ƙiba ita da sukari duk ɗaya.

Daga nan sai mai. Giram ɗaya na mai ko kitse kalori 9 ne, alhali na sitacin da ke cikin hatsi ko furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin tsokar nama, 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kalori 120 ne ko kusa da haka, kuma babu wanda ya fi wani sauƙi ta wannan fuskar. Tuwon shinkafa da miyar taushe ba su da laifi. Laifin yana wajen man da ke yawo a saman miyar da man shanun da aka kwarara a kai. Waina da sinasir da funkaso ma haka, abin da suka sha a tanda ko kasko shi ne ke ninka su. Su alkaki da dubulan da nakiya da cincin kuwa sun haɗa uku a wuri guda: gari da mai da sukari. Ki ci su ranar Sallah da washegari, ki ji daɗinsu. Amma bokitin cincin da ake ajiyewa a ɗaki "saboda baƙi" har ƙarshen wata, mu duka mun san ba baƙi ne ke ƙarar da shi ba. Ki yi daidai wanda zai ƙare cikin kwana uku, ragowar a ƙulla wa yaran da ke zuwa barka da Sallah. Abin da ba ya gaban ido ba a cika nemansa ba.

Naman layya shi ne babban zance, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Tsokar rago ba ita ce matsala ba. Nama yana ƙosarwa, yana riƙe ciki, kuma mata da yawa a ƙasarmu suna fama da ƙarancin jini, suna buƙatarsa. Matsalar ita ce yadda muke sarrafa shi da tsawon lokacin da muke ɗauka muna cinsa. Saboda rashin tsayayyar wuta, hanyar adana nama da aka fi sani ita ce a soya shi ƙarau a cikin mai, sau da yawa a cikin kitsensa, a zuba a bokiti ko kwalla. Suya tana fitar da ruwan nama ta maye gurbinsa da mai, sai tsoka ta ƙanƙance. Yanka ɗaya da kike gani ƙarami, kafin a soya shi ya kusa ninka haka, kuma yanzu ya ƙara da man da ya sha. Sannan ga shi a shirye, ba sai an hura wuta ba, ana wucewa ana ɗauka. A gidaje da yawa haka ake yi har mako uku ko wata.

Asusun binciken cutar daji na duniya, wanda ke da mazauni a Landan, ya ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. A kwanakin layya mutum ɗaya kan ci wannan a yini guda. Ba na cewa ki tsaya a wannan ma'auni a makon Sallah, ba zai yiwu ba. Amma ki san shi, don ki gane cewa mako na biyu da na uku ba za su zama kamar na farko ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne a yanke hukunci tun ranar yanka, kafin nama ya shiga kasko. A fitar da rabon dangi da maƙwabta da mabuƙata da hannu sake. Alƙur'ani ya ce a ci daga gare ta a kuma ciyar da matalauci, a Suratul Hajji, kuma malamai da yawa sun so a kasa naman uku. Wanda ya fita gidan ya zama lada, kuma ba zai zauna a ƙugun kowa ba. Wanda ya rage, a yanke kitsen da ake gani a jikinsa. In akwai firiza mai aiki, a ƙulla shi ƙulli-ƙulli daidai miyar yini ɗaya. In babu, a yi banda, ko a shanya, ko a kai wa masu kilishi, maimakon a soya duka. Kason da za ki ci ke, ki fi karkata ga gashi da farfesu. In an yi farfesun, a bar shi ya huce, kitsen zai taso ya daskare a sama, a kwashe shi da cokali kafin a ɗumama. Yawan abin da za ki kwashe zai ba ki mamaki. Kakiden da ake tarawa ana zubawa a miya da shinkafa har bayan wata biyu, ga mai hawan jini da ke son rage jiki, gara a bayar da shi. Kayan ciki da kai da ƙafa a ci sau ɗaya ko biyu a wuce wurin. Masu ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa su yi hattara da hanta da ƙoda musamman, suna tayar da shi.

Ma'aunin da za ki riƙe ba ya buƙatar sikelin kicin: nama daidai faɗin tafin hannunki da kaurinsa, ba tare da yatsu ba, a ci ɗaya, kuma a kan faranti, a zaune, tare da abinci. Rabin farantin ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da tumatir da kokwamba, ba tare da an lafta masa mayonis ba. Tuwo ko shinkafa malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu. Ki fara da ganyen da naman, ki ci a hankali, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi. Ranar da aka fi buƙatar aiki da shi ita ce ranar da aka fi mantawa da shi.

Yanzu zancen zumunci, wanda na san shi ne ainihin abin da ke damun ki. Kin je gaida surukarki ta sa an kawo miki kwano, ba za ki ce kina rage ƙiba ba. Ba sai kin faɗa ba. Ki sa hannu, ki ci loma biyu uku, ki yaba, ki ce "Hajiya, wannan miyar sai na tafi da ita gida," a juye miki. Babu uwar da za ta ji haushin an ce za a tafi da girkinta. In an kawo lemo ki nemi ruwa tukuna, ki riƙe kofin a hannu. In aka matsa, kalmar "likita ya hana ni" tana da daraja a wajen manya, kuma a wajenki gaskiya ce. Tun daga gida ki zaɓi inda za ki ci abinci sosai a ranar, gida ɗaya ko biyu, sauran ɗanɗano ne. Kada kuma ki fita da yunwa da sunan kina tara wuri. Wanda ya ƙi karyawa don zai ci da yawa da rana, ƙarshenta abin da ya fara cin karo da shi zai ci, wanda galibi cincin ne da lemo.

Matan gida suna da wata ƙofar da maza ba su da ita: ɗanɗanon girki, da cinye ragowar yara don kada a zubar. A ranakun da ake dafa tukunya huɗu biyar, wannan kaɗai ya isa abinci guda. Ragowar yara a rufe musu, za su dawo.

Motsa jiki yana da amfani, amma kada ki dogara da shi ya goge abin da aka ci. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona kusan abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ne kawai. Amfaninsa na gaske yana wajen saukar da hawan jini da daidaita sukarin jini. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Gidajen da ke kusa a je su da ƙafa, bayan abincin dare a zaga tsakar gida minti goma ko sha biyar. Barci ma ki mayar da shi wurinsa da wuri bayan azumi, domin ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari.

Abu ɗaya da aka gwada aka ga yana aiki shi ne awo. A 2018 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun raba mutum 272 gida biyu kafin Kirsimeti. Rukuni ɗaya aka ce su riƙa hawa sikeli aƙalla sau biyu a mako suna rubutawa, aka ba su 'yan shawarwari da bayanin yawan tafiyar da kowane abincin biki ke buƙata kafin a ƙone shi. Ɗaya rukunin takardar bayani kawai aka ba su. Bayan bukukuwa, na farko ba su ƙara nauyi ba, har sun ɗan ragu, na biyu kuwa sun ƙara, bambancin ya kai kusan rabin kilo. Rabin kilon nan dai da muka ce shi ke taruwa. Don haka ki auna kanki kafin azumi ki rubuta, wannan ne lambar da za ki tsare. Daga Sallah zuwa ƙarshen Zulhijja ki riƙa hawa sau biyu a mako, da safe, bayan kin zaga, kafin ki ci komai, a sikeli ɗaya. In babu sikeli, tef ɗin tela ya wadatar: ki auna cikinki tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya. Abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsayinki. Mai tsayin santimita 160, cikinta ya kasance ƙasa da 80.

Tunda jininki ya fara hawa, akwai abin da ya fi ƙibar gaggawa, wato gishiri. Ma'aunin yini ƙasa da giram 5 ne, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma a ciki har da na magi da yajin tsire da kilishi da wanda aka barbaɗa wa soyayyen nama don ya daɗe. Makon layya yana iya ɗaga jinin mutum ko bai ƙara ko giram ɗaya ba. In an ɗora ki a kan magani kada ki tsallake shi saboda hidima, kuma ki auna jinin a makon. In kina da ciwon suga a kan hawan jinin, duk wani sauyin abinci ko azumin nafila ki fara shawartar likitanki, saboda wasu magungunan suna faɗar da suga in an rage ci.

Shayin rage ƙiba da garin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp bayan kowace Sallah, ki bar su inda kika gan su. Yawancinsu gudawa suke sawa ko yawan fitsari, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma ga mai shan maganin hawan jini suna iya taɓa ƙoda. In mako biyu bayan Babbar Sallah kika ga kin haura lambarki da kilo ɗaya, ba sai kin yi wa kanki horon yunwa ba. Ki cire lemo gaba ɗaya, ki rage man girki da cokali biyu a kasonki na yini, ki mayar da abincin dare ƙarami. Wannan kaɗai yana iya rage miki kalori 400 zuwa 500 a yini, kuma a haka kilo ɗayan zai sauka cikin mako biyu zuwa uku.